Tarihin Rage Tururin Nukiliya a Hoton Zuciya: Yadda Lissafi Ya Maye Gurbin Rabin Allura

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya je asibiti yana kukan ciwon ƙirji, abin da likita kan so ya sani shi ne ko jini yana isa kowane sashe na tsokar zuciyarsa. Jijiyoyin da ke shayar da zuciya kan ƙuntata sannu a hankali, har ta kai mutum ya ji lafiya lau in yana zaune, amma da ya hau tudu sai ƙirji ya ɗaure. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano haka ba tare da an tsaga jiki ba ita ce a yi wa majiyyaci allurar wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Sinadarin zai bi jini ya zauna a tsokar zuciya, sannan a ɗauki hoton hasken da yake fitarwa daga cikin jiki. Inda jini ya wadata hoton kan yi haske, inda ya ƙaranta kuma ya yi duhu. Akan ɗauki hoton sau biyu, ɗaya bayan an motsa zuciya da atisaye ko da magani, ɗaya kuma a lokacin hutu, sai a kwatanta.

Wannan gwaji yana da farashi da jiki ke biya. Ana auna nauyin tururin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira milisibat. Matsakaicin abin da ɗan Adam ke sha a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya shi ne kimanin milisibat 2.4. Gwajin zuciya guda kuwa, a tsarin da aka daɗe ana bi, yakan kai 10 zuwa 12, wani tsarin ma ya haura 20. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi ta rage wannan nauyi, tare da mayar da hankali kan gudummawar manhajojin kwamfuta da ke gina hoton daga ɗanyen bayanin da kyamara ta tattara.

2.0 Mafarin Aikin

Tushen fannin shi ne tunanin George de Hevesy, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Hungari, cewa za a iya bin sawun abu a cikin mai rai idan an gauraya shi da ɗan kaɗan na ɗan'uwansa mai fitar da tururi. A 1923 ya gwada haka da darma a jikin tsiron wake, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1943. A birnin Boston na Amurka, tsakanin 1925 da 1927, likita Hermann Blumgart da abokan aikinsa suka yi wa mutane allurar wani sinadari da ake samu daga radiyam a hannu ɗaya, suka auna lokacin da zai ɗauka kafin ya bayyana a ɗaya hannun. Sun ga cewa a jikin masu lafiya yakan ɗauki wajen daƙiƙa 18, a jikin masu raunin zuciya kuma ya fi haka jinkiri. Ba hoto suka samu ba, adadi ne kawai, amma daga nan ake ƙirga mafarin binciken zuciya da nukiliya.

Hoto ya zo ne da na'urar Benedict Cassen a farkon shekarun 1950, wadda ke bin jiki layi-layi. Sai Hal Anger ya ƙera kyamararsa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun, wadda ke kallon gaɓa gaba ɗaya a lokaci guda. Zuciyar kyamarar wani faffaɗan faranti ne na gishirin sodiyam da ayodin da ke walƙiya duk lokacin da ƙwayar hasken gama ta faɗa masa. A gabansa akwai wata rariya ta darma mai dubban dogayen huduji, wadda ba ta barin haske ya wuce sai wanda ya taho a miƙe. Fiye da rabin ƙarni bayan nan, yawancin asibitocin duniya da irin wannan kyamara suke aiki.

3.0 Sinadaran da Nauyinsu

A tsakiyar shekarun 1970 taliyam-201 ya shigo, bayan aikin da Elliot Lebowitz da abokansa suka yi a cibiyar bincike ta Brookhaven. Tsokar zuciya tana shan taliyam kamar yadda take shan fotasiyam, don haka ya dace da aikin. Aibinsa shi ne jinkirin mutuwa: sai ya yi awa 73 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Tunda zai daɗe a jiki yana fitar da tururi, musamman a ƙoda, dole a taƙaita abin da za a ba majiyyaci. Sakamakon haka shi ne hoto mai rauni tare da nauyi mai yawa.

Tekneshiyam-99m ya fi shi sauƙi. Emilio Segrè da Glenn Seaborg ne suka gano shi a 1938, kuma ƙarfinsa kan ragu da rabi cikin awa 6 kacal. Abin da ke mutuwa da sauri haka ba ya jure doguwar tafiya, sai a 1958 masanan Brookhaven suka samar da wata tukunya da ake zuba mahaifinsa a ciki, wato molibdinam-99, wanda ke rikiɗewa zuwa tekneshiyam a hankali. Ma'aikatan asibiti kan kira tukunyar saniya, su ce suna tatsarta kowace safiya. An jima kafin a sami abin da zai ɗauki tekneshiyam ya kai shi tsokar zuciya. A 1990 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sestamibi, a 1996 kuma da tetrofosmin. Duk da haka wasu asibitoci sun riƙa haɗa sinadaran biyu, taliyam a hoton hutu da tekneshiyam a hoton motsi, domin a gama aiki da wuri. Wannan haɗi shi ne mafi nauyi a kan majiyyaci.

4.0 Dalilin da Ya Sa Ba a Rage Allurar Kai Tsaye

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a raba allurar biyu tun farko? Amsar tana cikin ƙirga. Hoton nukiliya tarin ɗige-ɗige ne, kowane ɗigo ƙwayar haske ɗaya ce da ta isa faranti. Rariyar darma kuwa mai rowa ce ƙwarai, domin a cikin ƙwayoyi wajen 10,000 da suka fito daga jiki, kusan guda ɗaya take bari ta wuce. Fitowar ƙwayoyin kuma ba ta da tsari, kamar yayyafin farkon damina ne a kan rairayi: in ɗigon kaɗan ne, wani wuri zai jiƙe wani ya zauna a bushe ba don wani dalili ba, sai ruwa ya yi yawa sannan ƙasa ta jiƙe bai ɗaya.

Lissafi ya ƙayyade girman wannan rashin daidaito. Wurin da aka ƙirga ƙwaya 100, kuskuren da ake tsammani kashi 10 ne cikin 100. Wurin da aka ƙirga 10,000, kuskuren ya sauko zuwa kashi 1. Idan aka raba allura biyu aka bar komai yadda yake, kuskuren zai ƙaru da kimanin kashi 41 cikin 100 na yadda yake a da. A irin wannan hoto likita na iya ganin duhu inda babu cuta, ya tura mai lafiya zuwa wani bincike mai haɗari, ko kuma cutar gaske ta ɓuya masa a cikin ƙurar hoton. Ana iya cike giɓin da tsawaita lokacin ɗauka, amma majiyyacin da ke kwance hannuwansa a bisa kansa ba zai wuce wani haddi ba tare da ya motsa ba, motsi kuma ɓata hoto yake yi. Abubuwa uku ke nan ke ja-in-ja: yawan allura, tsawon lokaci da kyan hoto. Duk wanda aka sassauta wa, ɗaya daga cikin sauran biyun ne zai biya.

5.0 Daga Inuwa Zuwa Hoto

Kyamarar Anger inuwa take gani ta fuska ɗaya, inda gaban zuciya da bayanta da abin da ke kewaye da ita duk suka hau kan juna. Domin a ga cikin zuciya yanka-yanka, sai kyamara ta zagaya ƙirji tana ɗaukar inuwoyi daga kusurwoyi da yawa, galibi 60 ko 64 a rabin da'ira, sannan a haɗa su da lissafi. Masanin lissafi ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya tabbatar tun 1917 cewa ana iya dawo da siffar abu daga inuwoyinsa. David Kuhl da Roy Edwards suka fara gwada haka da sinadaran nukiliya a Jami'ar Pennsylvania a 1963, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 kyamara mai juyawa ta samu, wadda aikinta ake kira SPECT a taƙaice.

Hanyar da aka fara amfani da ita wajen haɗa inuwoyin ita ce tacewa da mayarwa baya. Kwamfuta kan ɗauki kowace inuwa ta shafa ta a kan fili ta hanyar da ta fito, inda shafe-shafen suka haɗu da yawa nan abin yake. Domin kada hoton ya yi dishi-dishi, ana fara ratsa inuwoyin ta wata matata ta lissafi da ke ƙarfafa gefuna. Masanan Indiya biyu, Ramachandran da Lakshminarayanan, sun bayyana wannan dabara a 1971, Larry Shepp da Benjamin Logan kuma suka kyautata ta a 1974. Falalarta ita ce sauri, domin kwamfutocin wancan zamani marasa ƙarfi na iya kammala ta.

Sai dai hanyar ta ginu kan zato uku da ba su cika ba. Tana ɗauka cewa inuwoyin tsarkakakku ne babu kuskuren ƙirga. Tana ɗauka cewa kowane hujin rariya layi ɗaya siriri yake gani, alhali abin da yake gani buɗewa yake yi kamar hasken tocila, gwargwadon nisan abu gwargwadon dishi-dishinsa. Tana kuma ɗauka cewa babu hasken da ƙashi da nama suka haɗiye a hanya. Bugu da ƙari, matatar da ke ƙarfafa gefuna tana ƙarfafa ƙurar hoto tare da su, sai a sake shafe hoton da wata matata mai laushi, wadda ke tafiya da wani ɓangare na bayanin gaske. Wannan hanya ba ta aiki da kyau sai da ƙwayoyin haske masu yawa, ma'ana sai da babbar allura.

6.0 Lissafin Maimaici

Canjin ya taso ne daga fagen ƙididdiga. A 1977 Arthur Dempster da Nan Laird da Donald Rubin suka wallafa wata hanya ta ƙiyasta abin da ba a gani daga bayanin da bai cika ba. A 1982 Larry Shepp da Yehuda Vardi na cibiyar binciken Bell suka ɗora ta kan hoton nukiliya, Kenneth Lange da Richard Carson kuma suka faɗaɗa ta a 1984.

Tsarin ya yi kama da aikin tela mai gwada riga a jikin mai ita. Kwamfuta kan fara da hoton kirdado. Sai ta lissafa irin inuwoyin da kyamara za ta gani da a ce hoton nan shi ne gaskiya, ta kwatanta su da inuwoyin da aka ɗauka, ta gyara hoton gwargwadon bambancin, ta sake gwadawa. Kowane zagaye yana matsar da hoton kusa da wanda ya fi dacewa da abin da aka ƙirga. Babbar fa'idar ita ce a matakin lissafa inuwa ana iya sanar da kwamfuta halin duniyar gaske: yadda ƙirga ke yin kuskure, yadda hujin rariya ke buɗewa, da yadda jiki ke haɗiye haske. Abin da tsohuwar hanya ta kau da kai daga gare shi, sabuwa ta sa shi a cikin lissafi.

Matsalarta nawa ce. Tana buƙatar zagaye gommai, kwamfutocin asibiti na shekarun 1980 kuma ba za su iya ba a cikin lokacin aiki. Fiye da shekara goma ta zauna a ɗakunan bincike. A 1994 Malcolm Hudson da Richard Larkin na Jami'ar Macquarie a Ostareliya suka kawo mafita: a raba inuwoyin gida-gida, a gyara hoton bayan duba kowane gida maimakon a jira a duba duka. In an raba inuwoyi 64 gida 8, aikin kan yi sauri kusan ninki 8. Wannan dabara, da ake kira OSEM, ta haɗu da ƙaruwar ƙarfin kwamfuta, sai lissafin maimaici ya shiga asibitoci.

7.0 Rabin Lokaci, Sannan Rabin Allura

A tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni suka fito da manhajojin da suka haɗa abu biyu: gyaran dishi-dishin rariya da danne ƙurar hoto a cikin zagayen lissafin kansa. Kamfanin GE ya fitar da Evolution, Philips ya fitar da Astonish, Siemens ya fitar da Flash 3D, kamfanin UltraSPECT na Haifa a Isra'ila kuma ya fitar da tasa, wadda ke aiki da kyamarorin kamfanoni daban-daban. Nazarce-nazarcen asibiti, ciki har da na likita Gordon DePuey a birnin New York, sun nuna cewa da rabin ƙwayoyin haske ana samun hoton da bai gaza na tsohuwar hanya ba.

Abin lura a tarihi shi ne yadda aka fara kashe wannan riba. An tallata manhajojin ne da sunan rabin lokaci, domin asibitin da ya rage zaman ɗauka daga wajen minti 15 zuwa 7 ko 8 zai duba majiyyata da yawa a rana. A wurin lissafi kuwa babu bambanci tsakanin rabin lokaci da rabin allura, duka biyun rabin ƙirga suke bayarwa. Zaɓin wanda za a rage na mutane ne, kuma sai da wasu abubuwa suka faru sannan hankali ya koma kan allurar.

8.0 Shekarar 2009

Na farko rahoto ne. A 2009 majalisar da ke lura da kariya daga tururin nukiliya a Amurka ta bayyana cewa matsakaicin abin da Ba'amurke ke sha a shekara ya tashi daga milisibat 3.6 a farkon shekarun 1980 zuwa 6.2 a 2006. Kusan dukkan ƙarin daga asibiti ya fito, domin kason likitanci ya tashi daga wajen 0.5 zuwa 3.0. A cikin kason likitancin nukiliya kuma, hoton zuciya ne ke ɗauke da mafi yawa. Ƙa'idar da hukumomin kariya ke aiki da ita, wadda ta dogara ƙwarai kan nazarin waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki, tana ɗauka cewa haɗarin ciwon daji yana ƙaruwa daidai da nauyin tururi, komai ƙanƙantarsa. A bisa wannan zato, milisibat 10 na iya nufin ƙarin mutuwa ɗaya cikin mutum wajen 2,000, ƙasa da haka ga tsofaffi, sama da haka ga matasa. Ga mutum ɗaya mai ciwon ƙirji wannan haɗari bai kai na barin cutar zuciya a ɓoye ba. Amma gwajin da ake yi wa miliyoyin mutane kowace shekara, ƙaramin haɗarinsa ma abin dubawa ne.

Na biyu ƙaranci ne. Yawancin molibdinam-99 na duniya daga ƴan tsofaffin tukwanen nukiliya kaɗan yake fitowa. A watan Mayu na 2009 aka rufe na Chalk River a Kanada saboda yoyo, bai dawo ba sai Agustan 2010. A cikin wannan tsakani aka rufe na Petten a Holand na wasu watanni domin gyara. Sauran, ciki har da SAFARI-1 na Pelindaba a Afirka ta Kudu, suka ƙara himma amma ba su cike giɓin ba. Molibdinam ba ya ajiyuwa, kusan kashi 1 cikin 100 yake rasawa kowace awa. Asibitoci suka shiga jinkirta gwaji, wasu suka koma wa taliyam mai nauyi. Waɗanda ke da sabbin manhajoji kuwa sun sami damar raba abin da ke hannunsu ga majiyyata da yawa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya masu aiki da nukiliya ta Amurka ta kafa buri: zuwa 2014 rabin gwaje-gwajen da ake yi kada su wuce milisibat 9. A daidai wannan lokaci sabbin kyamarori masu farantin kadmiyam da zinki da teluriyam, irin su D-SPECT da Discovery NM 530c, suka shigo kasuwa. Suna kama haske ninki da yawa fiye da kyamarar Anger, kuma tsarin gininsu gaba ɗaya ya dogara kan lissafin maimaici. Da su aka nuna cewa ana iya ɗaukar hoto guda mai amfani da nauyin da bai fi milisibat 1 da ɗan wani abu ba.

9.0 Tazara Tsakanin Sani da Aiki

A 2013 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta gudanar da bincike a ɗakunan gwaji 308 a ƙasashe 65, ta tattara bayanan majiyyata 7,911 da aka duba cikin mako guda. Sakamakon, wanda Andrew Einstein da abokansa suka wallafa a 2015, ya nuna cewa nauyin da majiyyata suka sha ya kama daga milisibat 0.8 har zuwa 35.6, tsaka-tsakinsa kuma 10. Kashi 30 cikin 100 na ɗakunan ne kawai suka cimma burin nan na 9. Turai ce ta fi sauran yankuna ƙarancin nauyi. Binciken ya jera kyawawan ɗabi'u takwas, daga ciki akwai guje wa haɗin taliyam da tekneshiyam, auna allura gwargwadon nauyin jikin majiyyaci, amfani da dabarun kyamara da manhaja, da kuma fara ɗaukar hoton motsi, in ya fito lafiya a bar na hutu. Wasu daga cikin waɗannan ba sa buƙatar sayen komai.

Manhajar ma tana da iyaka. Majiyyaci mai ƙiba sosai jikinsa kan haɗiye haske da yawa, rabin allura ba zai wadatar ba. In an matsa wajen danne ƙura, ƙaramin tabon cuta na iya shafewa tare da ita. Hoton sabuwar hanya kuma kamanninsa sun bambanta da na tsohuwa, don haka idon likita da ma'aunan da ake kwatanta majiyyaci da masu lafiya duk suna buƙatar sabon horo. A ƴan shekarun nan an shiga gwada ƙirƙirarriyar basira wajen tsabtace hotuna masu ƙarancin ƙirga, kuma tambayar da ake yi mata ita ce wadda aka yi wa magabatanta: shin abin da ta goge ƙura ce ko cuta?

10.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa wani kaso mai yawa na tururin da aka daɗe ana ba majiyyata ya kasance diyya ce ta raunin lissafi. Radon ya aza harsashi a 1917, Shepp da Vardi suka kawo hanyar da ta dace da halin ƙirga a 1982, Hudson da Larkin suka sa ta yi sauri a 1994, amma sai bayan 2009 aka juya ribar zuwa jikin majiyyaci da gaske. Darasin ya shafi sassan likitancin nukiliya na yankinmu, irin su na Cibiyar Radiyo-Izotof ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, da na asibitin Korle Bu a Akara, da na asibitin koyarwa na Ibadan, waɗanda ke jiran tukunyar tekneshiyam daga ƙetare tana raguwa tun a hanya. A irin waɗannan wurare, manhajar da za a ɗora wa tsohuwar kyamara ta fi sabuwar kyamara araha nesa ba kusa ba, kuma rabin allurar da ta rage wa majiyyaci ɗaya shi ne zai ishi wanda ke biye da shi a layi.